Me ya hana zambon Aristofan mutuwa da masu shi?

Mushen Tawa:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da faransanci a wani lise nan Tawa, shekarata 9 da alli a hannu, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Yara 17 ne, maza 11 mata 6. Ranar Laraba da la'asar muke haɗuwa gindin dogon yaro, bayan ajujuwa.

A hutun daminar da ta wuce na je Yamai gaida yayata. Na bi ta wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai kusa da Babbar Kasuwa, sai na tsinci wani da bangonsa ya yage, gara ta ci gefensa: wasannin Aristofan, mutumin Atina ta ƙasar Girka, cikin fassarar faransanci. Jika guda na biya. A cikin motar komawa na buɗe shi, kafin mu kai Dogon Dutsi na karanta wasa guda har inda gara ta bar mini, daga nan har Konni ban iya rufe ido ba, ina ta juya abin a raina.

Sunan wasan Zaman Lafiya. An yi shi a shekara ta 421 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Atina da Siparta suka shekara 10 suna yaƙi. Wani manomin inabi ne yaƙi ya ishe shi. Ya samo buzuzu, ya sa bayinsa suna cura masa kashi dare da rana har ya zama ƙato kamar doki, ya hau bayansa ya tashi sama don ya tambayi allolin da suke bauta wa dalilin da ya sa suka bar ƙasa tana lalacewa. Da ya isa sai ya tarar sun yi ƙaura, sun gaji da halin mutane, sun bar gidan a hannun Yaƙi. Shi kuwa Yaƙi ya jefa Zaman Lafiya cikin rami mai zurfi ya danne da duwatsu, ya jawo wani ƙaton turmi yana zuba garuruwan Girka ciki kamar kayan miya: tafarnuwa a madadin wannan gari, cuku a madadin wancan, zuma a madadin Atina. Saura taɓarya. Ya aiki yaronsa Atina ya aro, yaro ya dawo ya ce taɓaryarsu ta ɓace. Ya aike shi Siparta, nan ma ta ɓace. Taɓaren nan biyu kuwa jagororin yaƙi ne, Kileyon na Atina da Barasidas na Siparta, waɗanda aka kashe a fagen daga guda shekarar da ta gabata. Kafin Yaƙi ya sassaƙo sabuwa, sai manomin ya kira jama'a su ja igiya su fiddo Zaman Lafiya. Kowa ya kama, amma wasu ja suke da baya, wasu kamawa kawai suka yi don a gan su. Sai da aka bar manoma su kaɗai sannan ta fito.

Cikin yarana akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukansu na arewa saboda rashin tsaro, sun bar gona sun bar rumbu. Shi ya sa na so mu mai da wasan nan Hausa. Da na ba su labarin, wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, cikin waɗanda suka baro gida ɗin, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, in zambo ne, ai zambo da mai shi yake mutuwa. Kakata ta san waƙoƙin habaici da yawa, amma in ta rera ba mai dariya, don ba wanda ya san da wa ake. Shi wannan me ya hana nasa mutuwa?"

Na ce mata zan nemo amsa. Shi ne na zo. Wane ne mutumin nan a rayuwarsa, kuma me ya riƙe sunansa sama da shekara 2,400? Sannan masu sanin fage ku gaya mini gaskiya, in muka yi shi a Tawa za a fahimta?

Tsohon Malami, Yantala:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa ɗalibar taka albarka, tambayarta ta fi ta manya da yawa. Na koyar da adabi sama da shekara 30 kafin in ajiye aiki, bari in ba ka abin da ke hannuna. Ka tuna duk shekarun zamanin Girkawan da zan ambata kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, lissafin da baya yake tafiya.

An haife shi wajejen 446, ya rasu wajejen 386. Ɗan Atina ne, sunan mahaifinsa Filipos. Ya rubuta wasa kamar 40, guda 11 ne suka iso mana cikakku. Da ƙuruciya ya fara: wasansa na farko an yi shi a 427, yana da shekara 20 ko ƙasa da haka, ya zo na biyu. Wasanninsa na farko ma wani ne ke shirya masa su a fage, shi yana baya.

Yadda suke yi sai ya tuna maka kokuwar takobi. Gasa ce ta gari, sau biyu a shekara, a bukukuwan wani abin bautarsu mai suna Diyonisos. Akwai bikin Lenaya lokacin sanyi, na 'yan gida. Akwai babban bikin Diyonisiya a farkon bazararsu, lokacin da teku ke kwantawa, garuruwan da ke ƙarƙashin Atina su kawo haraji, baƙi su cika gari. Hukuma ke zaɓar mawallafan da za su kara, a ɗora wa wani attajiri kuɗin 'yan amshi, su 24, a fitar da alƙalai da ƙuri'a. Maza ne kaɗai ke wasa, da fuskar aro a fuska, har matsayin mata. Kuma sau ɗaya ake yin wasa. An gama, an gama.

A 426 ya yi wani wasa a babban bikin, gaban baƙi, ya taɓa manyan gari. Kileyon, wanda a lokacin ba mai ƙarfin bakinsa a majalisa, ya kai ƙararsa cewa ya tozarta Atina a idon baƙi. Wani da ya ja da baya. Shi kuwa a 424 ya fito da Barade, wasan da ya tsaya kan Kileyon tun daga farko har ƙarshe. Ya siffanta Jama'ar Atina a matsayin tsoho mai kunnen ƙashi, da wani bawansa majemi da ke yi masa daɗin baki yana sace masa abinci. Gidan su Kileyon da sana'ar jima suka yi arziki, saboda haka ba wanda bai gane ba. A cikin wasan ma an ce masu yin fuskar aro sun ji tsoron sassaƙa kamanninsa. Wanda ya kayar da majemin shi ne wani mai tallar kayan ciki a bakin kasuwa, don ya fi shi ihu da rashin kunya. Wasan ya zo na ɗaya. Bayan 'yan makonni mutanen da suka tafa masa suka zaɓi Kileyon kwamandan yaƙi. Ka riƙe wannan, ɗana, don kada ka ɗora wa yaranka tsammanin da ya fi ƙarfin fage.

Sau ɗaya dai garin ya saurare shi da gaske. A 405, ana dab da faɗuwar Atina, ya yi Kwaɗi. A irin wasanninsu akwai wurin da labari ke tsayawa, 'yan amshi su juyo su fuskanci jama'a su yi magana da bakin mawallafi. A nan ya ce Atina tana yi wa mutanenta abin da take yi wa kuɗinta: ta ajiye tsofaffin sulalla na azurfa tsantsa da ake karɓa ko'ina, ta koma kashe na jan ƙarfe da aka buga jiya. Ya roƙi a yafe wa waɗanda aka kwace wa 'yancin ɗan ƙasa bayan juyin mulkin 411. Ya zo na ɗaya, aka naɗa masa kambin ganyen zaitun, aka kuma ba da izinin a maimaita wasan, abin da ba a saba ba. A 404 Atina ta miƙa wuya. Ya ci gaba da rubutu, amma haƙoran sun ragu. Na ƙarshen da muke da shi, Dukiya, na 388, labarin Arziki ne da yake makaho, shi ya sa yake shiga gidan da bai dace ba, har wani talaka ya kai shi aka buɗe masa ido.

To, tambayar yarinya. Amsar farko ba ta da daɗin ji: malaman makaranta ne suka cece shi. A zamaninsa akwai gwanaye irinsa, Kiratinos da Yupolis, duk sun taɓa kayar da shi. Zaman Lafiyar da ta hana ka barci ma ta biyu ta zo, Yupolis ne ya ci. Yau ba mu da wasa ko ɗaya cikakke daga su biyun, sai guntaye. Shi Aristofan, masana na ɗakin karatun Iskandariya a Masar suka tattara shi suka yi masa sharhi, daga baya malaman daular Rumawa ta gabas suka ga cewa ba inda za a koyi tsantsar yaren Atina kamar a bakinsa. Suka mai da shi littafin aji, musamman Dukiya da Gizagizai da Kwaɗi. Ka san littafin da ake biya wa almajiri a zaure ba ya ɓacewa, don kullum akwai mai kwafa. Duk da haka da kyar ya sha. Kwafin hannu guda ɗaya ne tak, na wajejen shekara ta 950 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ke ajiye a garin Rabena na Italiya, ya ƙunshi duka 11. A 1498 aka fara buga 9 daga ciki da injin ɗab'i a Benis.

Ka gwada shi da Menandar, wanda ya zo bayansa, daga wajejen 342 zuwa 290. Ya rubuta sama da wasa 100, mutanen da suna ganin ba kamarsa, maganganunsa sun zama karin magana. Amma aka daina kwafarsa, ya ɓace ɗaruruwan shekaru. Sai a 1905 aka tono wasu takardunsa daga ƙasar Masar, kuma sai a 1958 aka buga wasansa guda da ya kusa cika. Rairayi da rashin ruwa ne suka adana shi.

Amsa ta biyu ita ce tawa. Kwafi yana riƙe takarda, ba ya sa dariya. Abin da na lura shi ne kullum sai ya tsayar da talaka a tsakiyar fage da damuwar da kowa ya sani. Ga tsohon da bashi ya hana barci saboda ɗansa ya haukace da dawaki. Ga wanda zaman kotu ya zame masa jaraba saboda ɗan kuɗin zama, har ɗansa ya kulle shi gida ya shirya masa shari'ar kare da ya saci cuku. Daga wannan wasa, Rina, Rasin na Faransa ya ɗauko nasa wasan na masu ƙara a 1668, wanda wasunmu suka karanta a lise. Ga wanda ya gaji da jiran majalisa ya je ya ƙulla sulhunsa shi kaɗai da abokan gaba na shekara 30. Ka cire sunan Kileyon, bashin nan yana nan, gajiyar nan tana nan. Waƙar kakar yarinyar wataƙila sunan ne kawai ke riƙe da ita.

'Yar Harobanda:

Baba, sannu da ƙoƙari, mun ƙaru. A gafarce ni in ƙara abin da aka tsallake, don ni ɗalibar falsafa ce a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma mu ta wata ƙofa muka san mutumin nan.

Tsohon mai bashin da Baba ya ambata, a cikin Gizagizai yake, na 423. Ina ya je neman mafita? Makarantar Sokrat. Aristofan ya nuna Sokrat rataye cikin kwando a sama yana nazarin rana, almajiransa suna auna tsallen ƙuma, yana karɓar kuɗi don ya koya wa mutane yadda ƙarya za ta kayar da gaskiya a gaban alƙali. Ɗan tsohon ya shiga makarantar, ya fito ya doki ubansa, ya kuma kawo hujjar cewa daidai ya yi. A ƙarshe tsohon ya cinna wa makarantar wuta. Sokrat na gaskiya ba ya karɓar kuɗin koyarwa, ba shi da makaranta ma, a kasuwa yake tsayawa yana yi wa mutane tambayoyi. Wasan na uku ya zo, wato na ƙarshe. Amma hoton ya zauna. Bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da Sokrat kan ɓata tarbiyyar matasa da rashin girmama abin bautar gari, aka yanke masa shan guba. A jawabin kare kai da almajirinsa Platon, wanda Larabawa ke ce wa Aflatun, ya rubuta, Sokrat ya ce tsofaffin masu zarginsa sun fi sababbin haɗari, ya kuma ambaci Aristofan da suna tare da wasansa.

Ba na cewa shi ya kashe shi. Platon ɗin ma ya zaunar da su biyun a walima guda cikin wani littafinsa, har ya sa wa Aristofan a baki labarin nan mai daɗi, cewa da can mutum dunƙulalle ne aka raba shi biyu, shi ya sa kowa ke yawon neman rabinsa. Amma abin yana taɓa ni don na gani a gidanmu. Wata gwaggona, sunanta ya shiga waƙar habaicin 'yan mata a dandali kan abin da ba ta yi ba. Waɗanda suka tsara waƙar sun yi aure sun manta. Ita kuwa sai da ta bar unguwar, kuma har yau in an ambace ta akwai mai rera baitin ƙasa-ƙasa. Saboda haka Mushe, ka gaya wa ƙanwata cewa wani zambon ba ya mutuwa da mai shi, wani lokaci shi ke raka shi kabari. Daɗewar suna ba shaidar adalci ba ce.

Sai batun matanka 6. A duniya yau an fi sanin Aristofan da Lisistirata, na 411, bayan rundunar Atina ta hallaka a Sisili a 413. Matan garuruwan da ke yaƙi suka haɗa kai, suka ƙaurace wa shimfiɗar mazansu, suka mamaye tudun da baitulmali yake, suka ce ba kuɗin yaƙi ba komawa ɗaki sai an yi sulhu. Shugabarsu ta ce da ma mu ke riƙe da kuɗin cefane, kuma mun san yadda ake warware zaren da ya cukurkuɗe. A Atina ta lokacin mace ba ta da ƙuri'a, maza ne ma suka yi wasan, abin dariyar shi ne wai mata su yi siyasa. Amma a 2003 matan Laberiya, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin Leymah Gbowee, sun yi makamancin haka da gaske, kuma ta samu kyautar Nobel a 2011. Na san ba za ka iya kai Lisistirata gaban iyayen yara a Tawa ba, batsar ta yi yawa. Sai dai ka duba Zaman Lafiyar da kyau: ita kanta gunki ce ba ta magana, 'yan rakiyarta biyu ma bebaye ne, ado kawai. In ka bi littafin yadda yake, 'yan matan nan tsayuwa za su yi a kalle su. Alhali wa ya fi su sanin turmi?

Ɗan Ader a Abijan:

Mushe, ina gaisuwa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma Tawa gida ce, ƙannena biyu suna lise can. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Mutanen nan gumaka suke bauta wa, ka ce a cikin wasan ana hawa sama wajen alloli. In yaro ya koma gida ya ce yau ni ne allan kaza, ka san abin da uban zai yi, gobe ba zai sake barinsa zuwa ba. Sannan mu ba mu da namu ne? Mun tashi muna kallon su Yazi Dogo a Tele Sahel, ga 'yan kama, ga tatsuniyar Gizo. Me ya sa sai an je Girka? Ba faɗa nake ba, tambaya ce.

Baba na Samariya:

Jikana ke rubuta mini, ni nake faɗa. Ni mutumin Damagaram ne, zama ya kawo ni Yamai wajen 'ya'ya. Na yi teyatur a samariya zamanin Kunce, mun je gasar matasa ta ƙasa ba sau ɗaya ba.

Ɗan Ader, maganarka tana kan hanya, kuma gyaranta ba wuya. Malam, ka fid da allolin nan. Manomi ya hau buzuzu ya je fadar sarkin aljanu, ko wata fada bayan gizagizai da masu ita suka watse suka bar dogari guda yana gadin tukwane. Ba abin da ya ragu. Gizo ma da fuka-fukan aro ya tashi, ba wanda ya ce an yi saɓo. Batsa kuma ka share ta duka, wanda ya iya habaici ba ya bukatar ta.

Amma cewa muna da namu, nan ne zuciyata ta yi nauyi. Muna da shi ƙwarai. Abin da Malam na Yantala ya faɗa duk na gane shi tun kafin ya gama. A Damagaram akwai wasan kara bayan an kawar da amfanin gona, talaka ya yi shigar manya, ya kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, su kuma suna zaune suna kallo. Ga tobastaka, wadda ke ba ka damar gaya wa mutum abin da ɗan'uwansa ba zai iya ba, ya yi dariya ya ba ka goro. Mu a fage na sha fitowa komi, wato akawun gwamnati, mai cin hanci, da biro a kunne, ina sa talaka ya yi ta dawowa gobe. Manyan gari suna kujerar gaba. Ba mu taɓa kiran sunan kowa ba, kuma ba wanda bai gane ba. Wannan ita ce dabarar, Malam. Shi mutumin naku na Girka garinsu ya ba shi rana guda da zai kira suna, duk da haka an kai shi ƙara. Kai ba ka da wannan rana, kuma yaran mutane ne a hannunka. Kada taɓaryar nan ta yi kama da wani mai rai. Ka bar ta taɓarya, 'yan kallo su sa mata sunan da suka ga dama a cikinsu.

To ina wasanninmu yau? Ba mu rubuta ba. Mukan zauna da dare, shugaba ya kawo labari, a raba matsayi, kowa ya zuba maganarsa daga kansa. Kowane dare sabuwa take fitowa. Na yi wasa ya fi 20, yau ko guda ba zan iya kawo maka daga farko har ƙarshe ba. Waɗanda muka yi tare yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Akwai kaset biyu da na adana cikin adaka, zafi ya narkar da zaren. Da jikana ya karanta mini cewa littafi guda ne ya riƙe wasa 11 na mutumin nan, sai na yi shiru, don na san akwai dare a Damagaram da aka yi maganar da ba ta gaza tasa ba, iska ta tafi da ita.

Za a fahimta a Tawa? Ƙasar da ake noman albasa, ake cin cuku, ake daka safe da yamma? Ka sa turmi na gaske a tsakiyar fage. Igiyar kuma ta zama doguwa, ta rijiya, ka bar bakinta ya kai cikin 'yan kallo.

Mushen Tawa:

Na gode, iyayena da 'yan'uwa. Allah ya saka da alheri. Jiya Laraba na karanta wa yara amsoshinku duka, ban tsallake ko ɗaya ba, har ta yaya na Abijan. Yaya, ka kwantar da hankalinka, mun bi shawarar Baba: fadar aljanu ce, kuma zan kai wa shugaban iyayen yara rubutun ya gani kafin mu fara gwaji.

Da na kai wurin gwaggon 'Yar Harobanda, gindin itacen ya yi tsit. Akwai yaro cikinsu, gwanin kwaikwayo, wanda ya riga ya shirya zai yi Yaƙi da tafiyar wani ɗan kasuwa da duk Tawa ta sani. Shi da kansa ya ce ya fasa. Ni ma a raina na so hakan da farko, don na san za a yi dariya, kuma ban yi tunanin 'ya'yan mutumin da ke makarantarmu ba sai da na karanta labarin Sokrat.

Yarinyar da ta yi tambayar ba ta gamsu duka ba. Ta ce amsar Malam ta farko ta yarda da ita, ta biyu kuwa da sauran magana, don waƙoƙin kakarta ma akwai yunwa da kishi da bashi a ciki, ba suna kaɗai ba, rashin mai rubutawa ne. Ta ce a hutun nan za ta zauna da tsohuwar da kaye da biro. Sannan ta nemi a ba ta manomin. Na ce a littafi namiji ne. Ta ce a garinsu uwarta ce ke noman gayauna, kuma ita ce ta ƙi tashi sai da aka ɗora ta a kan amalanke da ƙarfi. Na ba ta. Sauran matan 5 su ne za su ja gaban 'yan amshi, su za su tsaya kan igiya bayan kowa ya saki. Inabi ya koma gero, kayan turmin kuma albasar Galmi da cuku da barkono da zuma. Buzuzun muna tunanin amalanken jaki da tabarmi da ƙwarya biyu a matsayin idanu.

Baba na Samariya, na sayi babban kaye mai bango. Yara biyu na ɗora wa aikin, duk abin da aka faɗa a gwaji ya yi daɗi su rubuta shi nan take da Hausa, da sunan wanda ya faɗa. In Allah ya kai ni Yamai a hutun Disamba ina so in zo gaishe ka da na'urar ɗaukar murya, ko rabin wasan komin nan ne ka ba mu.

Saura matsala guda. Littafina gara ta cinye shafukan ƙarshen wasan. Na kai inda maƙerin lauje ya zo da murna yana kawo kyautar biki don kasuwarsa ta buɗe, ga kuma masu sayar da sulke da kwalkwali da māsu sun biyo shi suna kukan kayansu sun yi kwantai, manomin yana gaya musu abin da za a iya yi da kowanne a gida. Daga nan sai rami a takarda. Wanda ke da cikakken kwafi a Yamai, ko a ɗakin karatun jami'a ne, don Allah ya ɗauko mini hoton shafukan daga shigowar mai sulke har ƙarshen bikin. Gwajin farko Laraba mai zuwa ne.